Ranar da Jamusawa Suka Kira Ni Dillali

Tun da na dawo daga Jamus ba a bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci tambaya, in na shiga kasuwar hatsi tambaya, majalisarmu ta Ƙofar Marusa kuwa ba a magana. Kowa abu biyu yake son ji: yaya ƙasar take, kuma ina agogon da na cika wa mutane kunne da zancensa. Na gaji da cewa "sai a hankali". Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kowa ya karanta da kansa. Wanda ya ga na yi zafi ya yi haƙuri, don har yanzu raina bai gama hucewa ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sada, fataucin riɗi da waken suya nake yi. Ba na tara motoci, ba na gina gidajen da ba zan kwana a ciki ba. Cutata guda ce, agogon hannu ƙirar Jamus, irin wanda ba ya cin batir, da yatsa ake wana shi kowace safiya, in ka juya bayansa ka ga ƙananan haƙoran ƙarfe suna motsi ta cikin gilashi. Maiɗakina Hajiya Indo ta sha faɗa mini cewa ba ta taɓa ganin mutum mai hannu biyu da agogo cikin akwati ba. Ni kuma in ce mata kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai wani kamfani a wani ƙaramin gari a gabashin ƙasar. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban ga dalilin da zan yi musu talla kyauta ba. Suna ƙera wani agogo mai shuɗiyar fuska da ke nuna wata, tun daga tsayuwarsa har cikarsa har ɓacewarsa. Kaɗan suke yi, kuma kuɗinka ba ya ba ka shi. Sai ka nema, ka jira, su ga dama. Na yi shekaru ina jira, har 'yan majalisa suka sa mini suna "mai jiran wata". Ana nan sai saƙo ya zo cewa layi ya iso kaina, amma suna so in je da kaina mu san juna kafin su miƙa mini. Na ɗauka girmamawa ce. Na bi mutane ina faɗa musu zan je in ɗauko abina, har da waɗanda ba su tambaye ni ba.

Fitinar farko a Abuja ta same ni, wurin neman biza. Aka ce in kawo hoto, na kawo, aka ce bai yi ba saboda da hula. Tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa gaban mai hoto kai ba hula ba, amma haka na tuɓe ta, aka ɗauki sanƙona aka manna a takarda. Sannan wata yarinya sa'ar 'yata ta tambaye ni ta bayan gilashi, wai me zai tabbatar musu zan dawo. Na ce mata na bar sito cike da riɗi, na bar iyali, na bar kaburburan iyayena, me zan tsaya yi a ƙasar da rana ba ta fitowa sai an roƙe ta? Ba ta yi dariya ba. Ta ce in je za a kira ni, kuma an kira ni ɗin.

Hajiya Indo ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya aikin Hajji ta ƙasa. Ta sa kilishi, ta sa dambun nama, ta sa yaji da garin kunu, ta cusa buta a tsakiyar riguna. Ni kuma na tanadi tsarabar da zan kai wa mutanen kamfani: hula ƙube mai kyau, jakar fata aikin dukawa, da turare na gaske. Ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana, musamman waɗanda suka aiko maka goron gayyata.

Zaman jirgi ba abin da zan faɗa a kai sai ciwon gwiwa. Da muka sauka, ina tura kayana cikin natsuwa, sai ga wani jami'i riƙe da kare. Karen ya bar Turawa, ya bar Larabawa, ya zo ya zauna gaban jakata yana kallona. Aka kai ni gefe, jami'in ya sa safar hannu ya fara tonon kaya a gaban jama'a. Ya ɗaga buta ya juya ta sama da ƙasa, ya leƙa cikinta, ya ajiye. Da ya zo kan kilishi sai ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce masa da ɗan Turancina wannan ba ɗanyen nama ba ne, ya sha rana ya sha wuta, kuma ya ɗanɗana ya ji. Ya ƙi. A kan idona ya jefa kilishin da dambun cikin kwandon shara. Da ma ci ya yi, da na ce ya shiga cikin rabo. Wannan kam almubazzaranci ne, kuma na faɗa masa da Hausa.

Bai gama da ni ba. Ya hango agogon da ke hannuna, ya ce ina shaidar cewa nawa ne. Na ce masa ƙirar ƙasarku ne, ganin gida na kawo shi. Allah ya taimake ni hoton rasit ɗin yana cikin wayata, da ban san inda za mu kwana ba.

A waje abokina Dakta Bitrus yana jirana. Asalinsu kudancin Kaduna ne, amma a Ƙofar Guga aka haife shi, tare muka yi firamare, tare muka sha bulala. Ya daɗe yana aikin likita a can, ya iya Jamusanci, amma Katsinancinsa ko gezau. Shi ya ɗauki hutu don ya raka ni ya yi mini tafinta. Yana ganina ya fashe da dariya.

"Sada! Kai ne ka shigo ƙasar ga da babbar riga cikin sanyin ga?"

"Likita, bar ni. Kare ya cinye mani kilishi."

"Ai da ka tambaye ni da na hwaɗi maka. Nan ko ƙashin kaza ba ka shigowa da shi. Ya Hajiya? Ya yara? Ya mutanen Ƙofar Marusa?"

"Duk lahiya lau, suna gaishe ka. Amma kilishin ga ya tsaya mani a rai."

Muka hau jirgin ƙasa. A nan zan gyara wata ƙarya da aka daɗe ana yi mana. Ana cewa Bature ba ya saɓa lokaci. To jirgin ya makara, na biyun da za mu canza ya tafi ya bar mu, muka tsaya a tasha sanyi yana shiga mini ta hannun riga. Na ce wa Bitrus, mutanen da ke ƙera agogon da ba ya kuskure, su ne jirginsu bai san ƙarfe nawa ba? Ya ce in rage murya. Rage murya kuwa ita ce ibadar ƙasar. Na shiga tarago na yi wa jama'a sannu, ba wanda ya ɗago kai. Hajiya ta kira ni ta ji ko na sauka, ina cikin ba ta labarin kare, sai wani tsoho ya taso ya nuna mini wani hoto a bango, wai nan wurin shiru ne. Tarago cike da mutane, amma ka rantse gidan makoki ne, kuma ko a gidan makoki ana gaisawa.

Garin da kamfanin yake ɗan ƙarami ne, a cikin kwari, bai kai wasu unguwannin Katsina ba. Muka sauka a gidan baƙi na wata tsohuwa. Kafin ta ba ni makulli sai da ta karanta mini dokoki: ba a hayaniya da tsakar rana, ba a barin taga a buɗe, shara kuma kowace iri da kwandonta, ta takarda daban, ta kwalba daban, ta abinci daban. Da asuba na tashi alwala, da gari ya waye ta kai ƙarata wurin Bitrus wai ƙarar ruwa ta tashe ta. Na ce bari in sanyaya mata rai, na ba ta kwalbar turare guda daga cikin tsarabata. Ta karɓa fuskarta a ɗaure kamar na miƙa mata sammaci. Ba a jima ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini kwalbar wani abin shafa wa burodi da ta dafa da kanta, ta juya ta tafi.

"Likita, wanga mi ke nan? Tukwici?"

"Ba tukwici ba ne. Biya ta yi. Ba su son kwana da alherin wani a wuyansu."

Abinci kuwa, Allah ya saka wa matanmu da alheri. Da safe burodi mai sanyi da cuku mai wari, da rana dankali, da yamma burodi mai sanyi kuma. Nama iri-iri a jere, amma duk wanda na nuna sai Bitrus ya girgiza kai, alade ne. Ka roƙi ruwa a kawo maka mai gas yana tsalle a kofi. Wani Baturke mai sayar da gasasshen nama cikin burodi shi ya ceci raina, shi kaɗai ne kuma ya amsa mini sallama a garin. Ranar Lahadi muka fita sayen lemo muka tarar da kowane kanti a kulle, titi fayau, kamar an yi shelar yaƙi. A wurin cin abinci na ga wasu dattawa biyu, da gani tsofaffin abokai ne, sun ci sun yi hira sun yi dariya, da aka kawo lissafi kowa ya zaro jakarsa ya biya nasa. Na kalli Bitrus na ce, a Katsina da an kusa dambe wurin rige-rigen biya. Ya ce nan in ka biya wa mutum sai ya kwana yana tunanin abin da kake nema a wurinsa.

Ranar da aka sa mana, na ci ado. Na sa shadda wagambari, na karya hula, na ɗaura agogon da na zo da shi, ɗaya daga cikin waɗanda na fi ji da su, na riƙe tsarabata. Ba zan ci amanar idona ba, abin da na gani a cikin kamfanin ya burge ni. Mutane zaune cikin fararen riguna, kowa da ɗan madubi a ido, suna ɗaukar ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki. Na ga wata mata tana zana fure da hannu a jikin wani ƙarfe da zai shige cikin agogo, inda mai agogon ma ba lallai ya lura da shi ba. Na tsaya a bayanta na daɗe, har na manta da kilishi. A raina na ce waɗannan mutane sun san darajar aiki, dole su san darajar baƙo.

Aka kai mu wani ɗaki wurin Madam Hanna, wadda ke kula da manyan masu saye. Doguwa ce, mai fara'a daidai gwargwado. Na fara gaisuwa, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na tambayi sanyi, ta duba agogonta. Na miƙa tsaraba. Ta ja hannunta baya, ta ce dokar kamfani ta hana su karɓar kyauta daga masu saye. Na ce wa Bitrus ya faɗa mata ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce daga Katsina. Ta ce ta gode, ta tura mini kayana gabana. Na haɗiye wannan ma.

Ta fita ta dawo da faranti lulluɓe da baƙin ƙyalle. Na gyara zama, na goge tafin hannuna a riga. Da ta yaye ƙyallen sai na ga agogo biyu. Ɗaya shi ne mai watan, ya fi yadda na gan shi a hoto kyau nesa ba kusa ba. Ɗayan kuwa tun kafin in taɓa shi na gane shi. Maɗaurinsa jar fata ce, ɗinkin wani baduku na Ƙofar Guga, ni na kai aka yi don maɗaurin Turawa yana sa ni gumi. A gefensa akwai ɗan loɓawa inda na taɓa bugewa da ƙofar tirela. Agogona ne, ƙirar wannan kamfani, wanda na saya shekarun baya.

Ga yadda ya bar hannuna. Wata Juma'a bayan an sauko muna zaune a majalisa, sai aminina, zan kira shi Alhaji Rabe ko da yake ba sunansa ke nan ba, ya kama hannuna ya juya, ya ce abin ya yi kyau. Duk wanda ya san Katsina ya san abin da ke biyo baya, ba a banza ake ce mata ɗakin kara ba. Mutumin kirki ya yaba abinka a gaban jama'a, ka cire ka ba shi. Haka na ga mahaifina yana yi da riga da alkyabba, har ya taɓa dawowa gida da takalmin aro. Na kwance agogon na ɗaura wa Alhaji Rabe, ya yi ta cewa a'a, aka yi addu'a, aka watse. Ban sake tambayarsa ba, don ba a bin kyauta da ido.

Madam Hanna ta yi magana mai tsawo, muryarta a kwance. Na ga Bitrus yana sosa ƙeya.

"Mi ta ce?"

"Ta ce agogon ga, 'yan watanni bayan ka saye shi, an gan shi wurin gwanjo a wata ƙasa. Su suka saye shi suka maido gida."

"To sai mi?"

"Ta ce mai watan ga, masu riƙewa suke saida mawa. Ba su saida ma mai saye don ya saida."

"Dillali ke nan take nuhi."

"Kusan haka."

Jama'a, na san dillanci sana'a ce, ina hulɗa da dillalai kullum a kasuwa, wasunsu sun fi ni arziki. Amma a kira ni tun daga Katsina, in tuɓe hula, in rasa kilishi, in sha sanyi, don a zaunar da ni a ce ina sayen agogo ina kaiwa gwanjo a ɓoye? Ashe sanin junan da suke nufi ke nan. Na miƙe tsaye. Na faɗa mata ko wane ne ubana, na faɗa mata ban taɓa sayar da ko maɗaurin agogo ba, na faɗa mata a garinmu mutum ya fi abin hannunsa. Da na gama, Bitrus ya juya ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana kawai.

"Likita, na yi magana kamar huɗubar Idi, kai ka taƙaita kamar sallama?"

"Na hwaɗi mata kyauta ka yi. Sauran in na hwassara 'yan sanda za a kira mamu."

Madam Hanna ta buɗe ido. Ta tambaya ko ɗan'uwana ne mutumin da na ba, na ce aboki ne. Ta tambaya ko wani biki yake yi, na ce babu. To don me? Na ce don ya yaba. Ta yi ɗan murmushi irin na wanda ya kama ka da ƙarya, ta nuna agogon da ke hannuna, ta ce to ita ma wannan ya yi mata kyau. Wallahi ban yi tunani ba. Kafin Bitrus ya gama fassara na kwance shi na ajiye a gabanta. Ta zabura ta miƙe, fuskarta ta yi ja, ta riƙa ture shi da gefen takarda kamar garwashi, tana cewa wasa take yi. Na ce a wurinmu ba a wasa da wannan. Sai da Bitrus ya ɗauka ya ɗaura mini da kansa.

Daga nan ta sauko. Ta ce ta yarda ba ni na sayar ba, ta ba da haƙuri, haƙurin ma a taƙaice. Amma ta ce a wurinsu duk ɗaya ne, tunda agogon ya ƙare a gwanjo. Za su ba ni mai watan a ranar, da sharaɗi guda: in sa hannu cewa na wasu shekaru ba zan sayar ba, ba zan kuma bayar da shi kyauta ba, ko ga wa.

Ta miƙo mini shi in gwada. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗaura. Nauyinsa ya zauna a hannuna daidai, ɗan watan zinariya yana leƙowa daga gefe, na kara a kunne na ji bugunsa. Bitrus ya matso ya rage murya.

"Sada, sa hannu mu tahi. Wa zai biyo ka Katsina ya duba?"

"In na sa hannu na yi alkawari, alkawari kuwa kaya ne."

"To ka riƙe abinka mana. Dole ne sai ka bayar?"

"Ba dole ba ne. Amma ka hango ni a majalisa, dattijo ya yaba, in ce mashi ya yi haƙuri wata Baturiya ta hana ni? Wanga ba nawa ba ne ke nan, aro ne. Kayan aro kuwa ba ya ruhe katara."

Na kwance shi na mayar kan farantin. Madam Hanna ta ce in je in yi tunani, na ce na gama. Ta ce to ko ina son in sayi tsohon nawa in koma da shi? Na ce ba nawa ba ne, na riga na bayar. Na kwashi hulata da jakata da turarena, muka fito. Muka nufi tasha. Matar Bitrus ce ta ci ribar tsarabar, ita kam Bahaushiyar tarbiyya gare ta, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

A cikin jirgin ƙasa na komawa na yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, tunda an hana ɗaga murya. Na zagi ƙasar da abokai ke raba lissafi, na zagi kamfanin da ke sayar maka da abu ya riƙe igiyarsa. Bitrus ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "To Rabe hwa?" Na ce masa abin da na ba mutum nasa ne, ya ga dama ya jefa a rijiya. Haka na faɗa, haka kuma aka koya mini. Amma maganar ta bi ni har cikin jirgin sama. 'Yan watanni kawai. Ina tuna yadda ya riƙa cewa a'a a ranar, da yadda ya shafa addu'a. Wataƙila wata lalura ce ta taso masa, ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Na sauka Kano, direba ya ɗauko ni, ban ce ya tsaya ko'ina ba sai gida. Hajiya Indo ta ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka, na ci har na yi gumi. Ta dubi hannuna ta ga agogon da na tafi da shi.

"Alhaji, ina na watan?"

"Na baro masu abinsu."

"Alhamdu lillahi. Akwatin ma ya huta."

Kwana biyu ina karɓar 'yan sannu da zuwa. Ranar da na fara fita majalisa, bayan la'asar, an cika maƙil don kowa yana son ganin wata a hannun Sada. Na ce musu ciniki bai faɗa ba, na tsaya a nan. Can sai ga Alhaji Rabe. Ya rungume ni, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi Likita, fuskarsa a sake kamar kullum. Ya zauna kusa da ni. Muna cikin hira ya kama hannuna ya juya, ya ƙura wa agogon ido, wanda dai na kwance wa Baturiya ba tare da na yi tunani ba.

"Kai, Alhaji, wanga ma ya yi kyau. Tubarkalla."

Kowa a majalisa ya san halina. Na ji idanu a kaina. Ni ma na jira hannuna ya tafi wurin maɗauri kamar yadda ya saba, amma ya zauna a kan gwiwata ya ƙi tashi. Sai na ji bakina yana cewa, "Na gode." Shi ke nan abin da na ce, kamar yadda Madam Hanna ta yi mini kan tsaraba.

Alhaji Rabe ya saki hannuna a hankali. Ya ce, "Allah ya bar maka abinka." Wani ya yi tari, wani ya jawo zancen farashin taki, aka bi shi da sauri.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk tafiyar, ya fi kilishi, ya fi kalmar dillali. An roƙe ni in sa hannu na ƙi, na bar agogon da na yi shekaru ina jira don kada a ɗaure mini hannu. Ga shi na dawo garinmu, ba takarda ba alƙalami, hannun ya ɗaure kansa, kuma ban san wanda zan kai ƙara ba, Jamusawa ko Rabe ko ni. Agogon da Rabe ya yaba yana nan, kowace safiya ina wana shi, amma tun ranar ban sake fita da shi majalisa ba.